Sanata Ba Ya Amsa Kira

Gidanmu na haya a Kudenda ɗakuna ne a jere suna kallon juna, da rijiya a tsakiya, da bishiyar gwaiba wadda yaran unguwa ba su taɓa bari 'ya'yanta sun nuna ba. Ni tela ne, kekena a zaure yake, don haka duk abin da zai shiga gidan sai ya bi ta gaban ƙafata. Ta nan ɗan kwikwiyon ya shigo, a cikin kwalin taliya, a hannun Lizzy.

Lizzy 'yar Baba Tagwai ce, tana aikin nas a Abuja. Baba Tagwai kuwa shi ya fi kowa daɗewa a gidan. Mutumin Zonkwa ne, ya yi gadin dare a wani kamfani a nan Kudenda har ya yi ritaya. Matarsa Edith, wadda muke kira Maman Lizzy, ta rasu gab da faɗuwar damina, kuma tun daga nan tsohon ya koma kamar ba ya gidan. Da can muryarsa ke tashinmu da safe, yana gardama da masu karanta labarai a rediyo. Yanzu sai ya wuni a bakin ƙofa yana kallon rijiya. Lizzy ta duba ta ce maganin abin kare ne. Ni da an tambaye ni da na ce a sayo masa kaza, amma ba wanda ya tambaye ni.

Kwikwiyon ja ne, cikinsa ya fi kansa girma, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance kamar bai gama shawara ba. Lizzy ta raɗa masa suna Sanata. Ta tsaya a tsakar gida tana karanta wa ubanta dokoki daga wayarta: kare ya kwana a wurinsa, kada ya hau gado, kuma a riƙa kiran sunansa da murya mai daɗi har ya saba. Ta ma zo masa da 'yar katifa mai zagaye, wadda karen ya yayyage kafin ita ta isa tasha.

Baba Tagwai mutum ne mai bin doka. Tun safe za ka ji shi, murya ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri.

"Sanata. Sanata, zo mana, yarona. Zo wajen Baba."

Sanata ko waiwaye. Mu 'yan gida muka ce ba laifin karen ba ne, laifin sunan ne, don masu sunan na ainihi ma haka suke yi in an kira su.

Ɗakin da ke kallon na Baba shi ne na Malam Hamza, mai kula da inji a kamfani, da matarsa Kulu, wadda ke suyar awara a bakin ƙofarta safe da yamma. Kulu mace ce mai tsabtar da ta wuce misali. Na taɓa ganin ta tana wanke sabulu kafin ta yi wanki da shi. Sannan Allah ya ba ta murya. In ta kira mai ruwa daga tsakar gida, ma'aikatan da ke kan titi sukan duba agogo su ga ko jiniyar tashi ce.

Wata safiya Kulu ta shiga ɗaki ɗauko yaji, awara guda a hannunta tana ɗanɗana gishiri, sai ta tarar da Sanata a cikin hular kwanon Malam Hamza. Ya naɗe a ciki daidai wa daida, sai ka ce don shi aka auna ta, yana barci har da minshari.

"Fita!"

Ba za ta taɓa kare da hannu ba, tsintsiya kuma tana waje, sai ta jefe shi da abin da ke hannunta. Awarar ta same shi a hanci, ta gangara ta bi ta ƙofa. Sanata ya yi wuf ya bi ta, ya cinye, ya lashe ƙasa.

Kulu ta fito tana huci, ta ce ai ga shi nan, kare ma ya san wanda ba a yi wa wasa. Shi kuwa Sanata, a ɗan ƙaramin kansa, ga yadda ya ɗauki zancen: a gidan nan akwai mace guda mai mutunci wadda ta san sunansa na gaskiya, kuma in ta kira shi sai ta ba shi awara. Sunan kuwa Fita. Ni ma ban gane haka a lokacin ba, duk gidan ba wanda ya gane.

Daga ranar abin ya zama sana'a. Matsalar ita ce Baba Tagwai bai iya barcin dare ba, gadi ya riga ya shiga jininsa. Yakan zauna da rediyo da tocila, ya haska karen ya ga ko yana numfashi, ya tashe shi ya tambaye shi ko yana jin sanyi, ya ba shi labarin ɓarayin da ya taɓa kora. Kafin asuba Sanata ya galabaita. Da zarar Baba ya buɗe ƙofa don ya zaga gida, kamar yadda ya saba, Malam Hamza kuma ya buɗe tasa zai tafi masallaci, sai bawan Allah ya sulale ya tafi inda ake barin mutum ya huta.

Kulu ta same shi a kwandon wankakkun kaya. Ta same shi a ƙarƙashin gado da takalmin Malam a matsayin matashi. Wata rana a robar garin masara ya kwana, ya fito fari fat, ido biyu kawai ake gani, ya yi atishawa ya bule ɗakin. Kowane karo sai ta daka masa tsawar nan tata, ta jefe shi da abin da ke kusa, abin da ke kusa da mai awara kuwa ai an san shi. Sanata ya fara sheƙi. Haƙarƙarinsa suka ɓace, wuyansa ya yi kauri, ya soma kama da sunan da Lizzy ta ba shi.

"Kulu," in ji Malam Hamza, wanda maganarsa ba ta taɓa wuce bakin ƙofa ba, "ki daina jifansa da abincin mutane."

"To da me zan jefe shi, Malam? Da hannuna?"

"Ki ajiye tsintsiya kusa."

"Tsintsiyar da nake share ɗakina da ita? In ta taɓa shi kuma fa?"

Malam ya ɗauki hular kwanonsa, ya busa cikinta, ya tafi aiki. Duk kwanon da Kulu ta yi zargin an lasa sai ta yi masa wanki bakwai har da ƙasa, wanda ba ta yi zargi ba ma ta haɗa da shi don kada a yi sake. Furannin jikin kwanukanta suka koɗe. Ruwan rijiya ya ja baya a tsakiyar damina, abin da ba mu taɓa gani ba.

Baba Tagwai ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan zan shaide shi ko a ina. Kullum yana bakin ƙofar Kulu, hula a hannu, yana cewa, "Sorry, 'yata, sorry. Yaro ne, bai da wayo." Lizzy ta ce a waya a ɗaure shi a waje. Aka ɗaure shi a gindin gwaiba. Kukan da ya yi ya sa limamin masallacin bayanmu da faston cocin da ke gefe suka aiko saƙo a rana ɗaya, kuma saƙon iri ɗaya, wanda a tarihin unguwar ba a taɓa samun haka ba. Sai Lizzy ta ce a yi masa keji. Mai walda ya haɗa keji mai kyau, har da ɗan rufin kwano. Sanata ya shiga ya kwanta, gida ya yi tsit, Kulu har ta yi waƙa tana tace wake.

Da la'asar akuyar maƙwabta ta shigo ta sa baki a waken suyan da Kulu ta shanya. Kulu ta ɗaga murya ta ce wa akuya ta fita. Sanata ya ji an kira shi. Har yau mai walda rantsuwa yake yi cewa ko kyanwa ba za ta wuce tsakanin ƙarafan nan ba, amma ni da idona na ga karen ya matse tumbinsa ya fito ta ciki, ya sheƙo a guje ya shige tsakanin ƙafafun Kulu. Akuya kuwa ta ci gaba da cin wakenta.

Abin da ya kawo ƙarshen dariya shi ne ranar da Malam Hamza ya dawo daga masallaci ya tarar da Sanata a miƙe a kan daddumarsa, ƙafa huɗu a sama. Malam bai yi faɗa ba. Ya tsallaka ya tsaya gaban Baba ya ce, "Baba, abin ya kai inda ba na so." Kulu kuwa mayafi ta yafa, ta hau a-daidaita sai Tudun Wada, gidan Alhaji Ɗanjuma mai gidanmu.

Saƙon Alhaji ya iso kafin ita ta dawo. Zai zo ranar Juma'a bayan an sauko, kuma magana biyu ce: ko kare ya bar gidan, ko ya bar gidan tare da mai shi.

Ni aka ba saƙon, ni na kai wa Baba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Idan Sanata ya tafi, ni ma na tafi." Ya juya ya kalli cikin ɗakin, ɗakin da ya kawo Maman Lizzy tana amarya. Gaskiya gabana ya faɗi. Tsohon nan ba shi da inda zai je wanda zai zauna ya ji gida ne, kuma na san in aka ɗauke karen, komawa zai yi kallon rijiya har Allah ya yi masa ikonsa. Kare ne mara kunya, wanda ko kwana ba ya ƙarasawa a ɗakin mai shi, amma tun zuwansa muka sake jin muryar Baba a gidan.

Ranar Juma'a aka yi ruwa da hantsi, tsakar gida ta yi caɓal. Alhaji Ɗanjuma ya iso cikin farar shadda, babbar riga da 'yar ciki, guga har tana ɗaukar ido. Ni na ɗinka ta, shi ya sa abin da ya biyo baya ya fi ci mini rai fiye da kowa. Aka shimfiɗa buhu a kan laka, aka ɗora kujera, ya zauna yana tattare hannun riga. Malam Hamza ya tsaya gefe kansa a ƙasa. Kulu ta tsaya a bakin ƙofarta, ta yi kicin-kicin da fuska. Baba Tagwai ya fito sanye da kwat ɗinsa ta zuwa coci, riƙe da Sanata a igiya.

"Baba Tagwai," in ji Alhaji, "kai dattijo ne, ba mu taɓa samun matsala da kai ba. Amma kare yana kwana a ɗakin mutane, wannan ba tsari ba ne."

"Gaskiya ne, Alhaji. Amma yana koyo. Bari ka gani." Baba ya sunkuya. "Sanata, zauna."

Sanata ya tsaya ƙyam.

"To, tsaya."

Sanata ya zauna ya fara sosa kunne.

"Ka ga, Alhaji, yana ji, sai dai yakan yi latti."

Ashe duk tsawon wannan bayani igiyar da ke hannun Baba ba ta haɗe da komai, karen ya riga ya tauna ta tun a ɗaki, zare ɗaya ya rage, shi ma ya tsinke wajen susa. Sanata ya taka cikin laka ya nufi takalmin Alhaji, wani mai sheƙi, ya fara shinshina. Alhaji ya janye ƙafa, ya kaɗa hannun riga.

"Kai, fita!"

Ban taɓa ganin farin ciki a fuskar dabba irin na wannan lokaci ba. Ga babban mutum, mai ƙamshi, ya zo tun daga Tudun Wada, kuma ya san sunansa. Irin wannan ai awararsa ba za ta zama ƙarama ba. Sanata ya yi tsalle ɗaya ya dire a cinyar Alhaji, ya bi aikin wuyan rigar da ƙafafu huɗu, ya cusa kai a aljihu. Ya ciro goro, ya tauna, ya tofar, ya koma nema. Alhaji yana ta maimaita kalmar, kowace maimaitawa kuma sai wutsiya ta ƙara gudu tana fesa laka. Ni dai hannu na ɗora a ka ina kallon ɗinkina.

Kulu ce ta kasa jurewa. Daga bakin ƙofarta ta saki tata tsawar, wadda ta fi ta Alhaji nesa ba kusa ba. Nan take Sanata ya diro, ya ruga gabanta, ya zauna tsaf, ya zuba wa hannunta ido.

Alhaji ya miƙe yana karkaɗe riga, ransa a ɓace. "Yau ɗin nan a fita da shi daga gidana."

Sanata ya waiwaya ya kalli Alhaji, ya kaɗa wutsiya.

Kulu ta kalli karen, ta kalli Alhaji, ta kalli hannunta. Sannan a hankali, da wata murya da ban san tana da ita ba, ta ce, "Sanata."

Ko gezau.

"Fita."

Kunnen nan da ke kwance ya miƙe.

"Malam," in ji Kulu, ba ta ɗago ba, "karen nan sunansa Fita. Kiransa nake yi. Tun farko kiransa nake yi ina ba shi awara."

Malam Hamza ya rufe baki da tafin hannu, kafaɗunsa na rawa. Ni na shige bayan gwaiba. Alhaji ya so ya riƙe fushinsa, amma mutum ba ya iya fushi da kyau alhali sawun kare na jere a ƙirjinsa, sai dariya ta ƙwace masa har ya koma ya zauna.

"To ai abin ya zo da sauƙi," ya ce yana share ido. "Baba, shiga ɗakinka ka kira shi da sunan da ya sani. In ya amsa ya zauna a can, shi ke nan, ya ci gaba da zama. In bai amsa ba, maganata tana nan."

Baba Tagwai ya taka ya shiga ɗakinsa, ya juyo ya fuskance mu daga ciki. Ya gyara kwat. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. Muka yi ta jira, har Sanata ya gaji ya kwanta a gaban Kulu.

"Alhaji, ka yi haƙuri," in ji Baba. "Ba zan iya ba."

"Kalma ɗaya ce fa, Baba."

"Na sani." Ya dafa ƙyauren. "Ɗakin nan kowa fita ya yi. Lizzy ta girma ta fita. Maman Lizzy a kan idona aka fita da ita. Ba zan tsaya a cikinsa in ce wa wani abu mai rai ya fita ba, ko da sunansa ne."

Dariyar ta mutu a bakin kowa. Na ji kunya, na ji tausayi, na rasa inda zan sa idona. Alhaji ya sunkuyar da kai yana murza goron da kare ya tofar da ƙasan takalmi, don ya riga ya yanke magana a gaban mutane, kuma bai san yadda zai janye ta ba.

Kulu ce ta motsa. Ta sa hannu a tire ta ɗauki awara guda, ta ratsa laka, ta cire takalmi a bakin ƙofar Baba. Rabonta da ɗakin tun zaman makoki. Ita da Maman Lizzy a nan suke zama suna tsince wake suna gulmar mazajensu, kuma tun rasuwar ko kallon ƙofar ba ta son yi. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana dube-dube, ta share fuska da bakin mayafi, ta ja numfashi.

"Fita!"

Muryar ta ɗan karye a tsakiya, amma ta isa. Sanata ya taso kamar an harbo shi, ya ratsa tsakar gida, ya shige. Kulu ba ta jefa ba wannan karon, sunkuyawa ta yi ta ajiye awarar a gindin gadon Baba. Ya cinye, ya zaga sau biyu, ya kwanta a wurin ya ɗora haɓa a kan ƙafar tsohon.

Alhaji ya miƙe. "Ni dai murya na ji daga cikin ɗakin," ya ce, "ban duba ta waye ba." Ya wuce ta zaure, ya cire babbar rigar ya jefa mini a kan keke ba tare da ya kalle ni ba.

Kulu ta fito tana neman takalminta da ƙafa, ta riga ta dawo da fuskarta ta kullum.

"Kai ma, Baba, ka riƙa kashe tocilar nan ka bar shi ya yi barci. Ba gadi aka kawo shi ba."

"To, 'yata." Ya kalli ƙasa. "Gobe ma za ki zo ki kore shi?"

Kulu ta ɗaure mayafinta, ta leƙa ɗakin.

"Safe da yamma," ta ce. "Amma ka sa a gyara ƙafar kujerar can. Ba zan riƙa korar kare a tsaye ba."